Sharhi a Kan Haddin Robeson a Matsayin Ma'aunin Tantanin Raba Iska

Manufar wannan takarda ita ce duba yadda manazarta ke dogara da haddin da Lloyd Robeson ya shata a 1991, ya kuma sabunta a 2008, wajen yi wa sababbin polima hukunci. Abin da Robeson ya yi shi ne, ya tattara sakamakon awon tantani masu ɗimbin yawa, ya nuna cewa idan saurin ratsawar iska ya ƙaru, to ƙarfin rarrabe iska biyu yakan ragu. Layin da ya ja a saman waɗannan alƙaluma shi ake kira haddi. A 1999 Benny Freeman ya bayyana dalilin haka, watau karkatar layin ta dangana ne ga bambancin girman ƙwayoyin iskar biyu. Lalle babu mai musun darajar wannan aiki.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen masu ɗaukar haddin tamkar alƙali. Akasarin alƙaluman an same su ne daga awon iska ɗaya tilo, a kan tantani mai kauri wanda aka gama haɗawa a ɗakin gwaji. A masana'anta kuwa, ɓangaren da ke yin tatar bai kai kaurin maikuron ɗaya ba, kuma iskar gauraye take zuwa. Siririn tantani ya fi saurin tsufa, ƙofofinsa na tsukewa da daɗewa. Bugu da ƙari, kabon-dayoksaid mai matsi yakan kumbura polima har ta saki jiki, sai iskar metan ita ma ta sami hanyar wucewa. Duk wannan haddin bai auna shi ba, bai kuma yi da'awar aunawa ba.

Alal misali, PIM-1, wadda Budd da McKeown suka gabatar a 2004, ta tsallake haddin 1991, amma saurin ratsawarta raguwa yake yi da tafiyar lokaci. Polisalfon da kamfanin Monsanto ya kai kasuwa a 1980 cikin na'urar Prism don ƙwato haidurojin, da selulos asitet da ake tace iskar gas da shi, duka biyu suna ƙasa da layin, amma su ne suka daɗe suna aiki.

A ganinmu, bai kamata mai tantance maƙala ya karɓi da'awar tsallake haddi ba sai marubuci ya kawo awon gaurayayyar iska a kan siririn tantani, tare da sakamakon da ya samu bayan watanni.