Baƙaƙe masu rawa a allunan Tawa

Duk wanda ya bi ta kasuwar Tawa ko tashar motocin Abalak da Agadas zai ga baƙaƙe masu rawa: sunan tela da aka ja wa wutsiya kamar zare, allon mai aski mai harufa masu ciki da inuwa, bayan babbar mota ɗauke da "Sai hankouri" cikin ja da rawaya. Wannan rubutu ba na karatun nutsuwa ba ne. Aikinsa ya tare ido daga nesa, ya kuma shaida wa mai wucewa halin mai wurin tun kafin a yi sallama.

Kyansa daga hannu yake fitowa. Mai fenti yana auna faɗin bango, ya matse wani harafi, ya miƙe wani, har kalma ta cika gurbinta. Ba ya zana "a" biyu iri ɗaya. Idon mutanen Adar ya daɗe da sanin wannan, domin zayyanar allon sauka ta riga boko koya mana cewa rubutu ma yana ɗaukar ado.

Yau injin buga manyan ledoji na talla yana ƙwace wannan sana'a da harufan kwamfuta masu kwaikwayon hannu, irin su Comic Sans da Vincent Connare ya zana wa Microsoft a 1994. Wasansu daskararre ne: kowane harafi kwafin ɗan'uwansa. Babban aibinsu kuwa shi ne akasarinsu ba su da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Sai lanƙwasa ta faɗi, ko inji ya aro baƙin daga wani zubi, ya tsaya a tsakiyar kalma kamar baƙo a gidan biki. Ba ƙaramar ɓarna ba ce: lanƙwasa ce ta raba kaya da ƙaya, ta raba fadar samari da faɗan samari.

Su ma masu fenti ba su kuɓuta ba. Da yawansu suna rubuta Hausa da ƙa'idar Faransanci, "ou" a maimakon "u", "tch" a maimakon "c", alhali taron Bamako na 1966 ya share hanya, kuma Nijar ta tsayar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1999. Yaron da ya koyi "ci" a aji, ya fito ya ga "tchi" a bango, wa zai gaskata?

Sai dai gyaran hannu ya fi na inji sauƙi, domin lanƙwasa jan burushi ɗaya ce, kuma ita kanta abin ado ce. Ya kamata ƙungiyoyinmu na Tawa, Keita da Buza su zauna da masu fenti, su miƙa musu jerin baƙaƙen Hausa, su ba su aikin allunan makaranta da na wasan kwaikwayo. Malamai kuma mu san gurbin kowane rubutu: mai rawa ya tsaya a kan take da sanarwa, darasin ɗan aji ɗaya a ba shi baƙi tsayayye.