Masu Tsara Shafukan Mujallar Kerrang!

Mujallar Kerrang! ta fara fitowa a Ingila a 1981, da hoton Angus Young na ƙungiyar AC/DC a bangonta. A wancan lokacin, matasa masoya kiɗan rok ne masu sayenta, kuma masu tsara shafukanta sun san halin matashi: hoto yake fara kallo kafin rubutu. Kafin zuwan kwamfuta, da reza ake yanka rubutu a liƙa shi da gam a kan kwali. Masu tsara shafukan sukan cika shafi da manyan haruffa da launuka masu kaifi, amma duk hayaniyar nan ba ta haɗiye labarin, a nan gwanintar take. Babban hoton tsakiya kuwa, don a cire a manna a ɗaki ake tsara shi. Daga 1987 aikin ya koma na mako-mako, har zuwa 2020.