Taswira da 'Yan Mutum-mutumi a Fagen Faɗan Wasannin Taka Rawa

A wasannin taka rawa na kan tebur, irin su Dungeons & Dragons da Pathfinder, mutum huɗu ko biyar kan zauna kewaye da tebur, kowa ya ɗauki jarumi guda yana magana da yawunsa, sai mutum ɗaya, jagoran wasa, ya riƙe sauran duniyar labarin: garuruwa, kufai, 'yan fashi da dodanni. Yawancin wasan da baki ake yin sa. Amma da zarar an zare takobi, sai tambayoyi su taso waɗanda baki kaɗai ba ya iya warware su: wa ke kusa da wa, kibiya za ta kai ko ba za ta kai ba, mutum nawa ƙofa za ta ɗauka a lokaci guda. A nan ne ake shimfiɗa taswira, a jera 'yan mutum-mutumi a kanta, kowanne a madadin jarumi ko abokin gaba.

Wannan al'ada ta girmi wasannin kansu, domin daga hannun soja ta fito. A 1824 wani hafsan sojan Furushiya, Georg von Reisswitz ƙarami, ya gyara wasan yaƙin da mahaifinsa ya ƙirƙira, wato Kriegsspiel, ya ɗora shi a kan taswirar ƙasa ta gaske, da 'yan tubala ja da shuɗi a madadin runduna, da alƙali mai yanke hukuncin abin da ya faru. Rundunar ƙasar ta karɓe shi don horar da hafsoshi. A 1913 marubucin Ingila H. G. Wells ya fitar da littafin Little Wars, wanda ya mayar da abin nishaɗin farar hula da sojojin wasan yara. Daga wannan zuriya Gary Gygax da Jeff Perren suka fitar da Chainmail a Amurka a 1971, dokokin yaƙin zamanin sulke da kwalkwali, da ɗan ƙari a ƙarshe game da matsafa da dodanni. Dave Arneson na Minnesota ya bai wa kowane ɗan wasa jarumi guda maimakon runduna, kuma haɗin gwiwarsa da Gygax ya haifi Dungeons & Dragons a 1974.

Gadon ya bar tabo a fili. Bugun farko na wasan da inci yake auna tafiya da nisan harbi, kamar dai ana riƙe da ma'auni a kan teburin yaƙi, duk da cewa 'yan wasa da yawa na lokacin fensir da takarda kawai suke amfani da su. Sai a bugu na uku, na 2000, da gyaransa na 2003, taswira mai gidaje ta zama ƙashin bayan faɗa: kowane gida inci ɗaya ne a tebur, ƙafa 5 a cikin labari. Bugu na huɗu, na 2008, ya kai abin maƙura, har ya koma ƙirga nisa da gidaje kai tsaye. Na biyar, na 2014, ya ja da baya, ya mayar da awo zuwa ƙafa, ya bar taswira a matsayin zaɓi.

Yadda abin ke aiki ba shi da wuyar ganewa. Mutum mai matsakaicin sauri yana tafiyar ƙafa 30 a zagaye guda, gida shida ke nan. Doki ko ƙaton dodo yana cin gida huɗu, biyu a tsaye biyu a kwance. A ɗauki lungu mai faɗin ƙafa 10: gida biyu ne kawai, saboda haka mayaƙa biyu masu garkuwa sun isa su toshe shi, maharbi da matsafi su fake a bayansu, ko da abokan gaba ashirin ne. Idan matsafin ya jefa dunƙulen wuta, wanda ke cin ƙafa 20 ta kowace fuska daga tsakiya, sai kowa ya sunkuya a kan taswira yana ƙirga gida huɗu-huɗu, domin kuskuren gida ɗaya na iya ƙona ɗan uwa. Akwai kuma dokar da ta ce duk wanda ya juya wa maƙiyi baya daga kusa ya ba shi damar sara kyauta, da wadda ke ƙara wa mutum biyu maki idan sun sa maƙiyi a tsakiya. Waɗannan dokoki da wuya su yi aiki da adalci in ba a ga inda kowa yake tsaye ba.

Gidaje masu kusurwa huɗu suna da aibi ɗaya da ya daɗe yana damun masu tsara wasanni, wato tafiya ta kusurwa. Ratsa gida ta kusurwa ya fi ratsa shi ta gefe tsawo da kusan kashi 41 cikin ɗari. Dokar 2003 ta ce a ƙirga na farko ƙafa 5, na biyu 10, a yi ta maimaitawa, sai gida huɗu ya zama ƙafa 30. Ta 2008 ta ce duk ɗaya ne, gida huɗu ƙafa 20. Ainihin nisan kuwa kusan 28 ne. Ta farko ta fi kusa da gaskiya amma tana jawo lissafi, ta biyu ta fi sauri amma tana mayar da da'irar wuta murabba'i. Mai tsara wasanni Steve Jackson ya kauce wa matsalar da gidaje masu kusurwa shida a wasanninsa Melee na 1977 da GURPS na 1986, sai dai su kuma ba sa zama daidai da ɗakuna masu miƙaƙƙen bango.

Su kansu mutum-mutumin sana'a ce mai zaman kanta. Kamfanoni irin su Ral Partha da Grenadier da Citadel sun fara zuba su da dalma, tsayinsu kusan milimita 25, daga baya aka koma 28 zuwa sama. Fargabar gubar dalma ta sa aka sauya zuwa gaurayen kuza a shekarun 1990, sannan roba ta mamaye kasuwa. Akwai masu shafe dare da siririn burushi suna zana ido a fuskar da ba ta kai ƙwayar wake ba, kuma a wurinsu fentin rabin wasan ne. Dokoki dai ba su damu da kyau ba. Marfin kwalba ko tsabar kuɗi na yin aiki ɗaya, a kan shimfiɗar leda da ake zanawa da alƙalamin maka a goge da ruwa.

Babban abin da taswira ke yi shi ne ɗauke hukunci daga bakin jagora ta ajiye shi a gaban kowa. In babu ita, filin faɗa yana cikin kan mutum ɗaya, sauran kuma kowa da hoton da ya zana a zuciyarsa. Idan jarumi ya mutu, musu ba ya ƙarewa a kan ko yana bakin ƙofa ko yana cikin ɗaki. Da taswira, ɗan wasa na iya tsara dabararsa tun kafin layi ya zo kansa, kuma in ya faɗi ya san kuskurensa ne. Wannan ba ƙaramar riba ba ce, musamman ga sabon shiga da mai kunya wanda ba ya iya ja-in-ja da jagora.

Kuɗin da ake biya shi ma mai yawa ne. Zagaye guda daƙiƙa shida ne a cikin labari, amma faɗan zagaye huɗu yakan cinye sa'a guda a tebur. Abin da ya fi wannan muni shi ne yadda ido ke jan tunani: abin da ba a zana ba sai a manta yana nan. Ɗan wasan da a da zai ce ya kifar da tukunyar mai ko ya yanke igiyar gada, sai ya koma ƙirga gidaje kamar mai buga dara. Fitar da taswira ma kanta sanarwa ce cewa lokacin sulhu ya wuce, ko da jagora bai nufi haka ba. Taswira kuma a shimfiɗe take, don haka faɗa a sama ko cikin ruwa yakan gagare ta.

Shi ya sa wasu wasanni suka bi tsakiya. Fate yana raba fili zuwa yankuna, kamar tsakar gida, soro da rufi, ba tare da ƙirga taku ba; 13th Age na 2013 ya wadatu da kusa da nesa. A ɗaya ɓangaren, dandalolin intanet irin su Roll20 na 2012 da Foundry na 2020 sun ƙara wa taswira ƙarfi, domin kwamfuta na auna nisa nan take, tana kuma ɓoye abin da jarumi ba ya gani. Ma'aunin da ya fi dacewa shi ne yanayin filin. Faɗa a kan gada, bakin rami ko ƙofar gari, inda taku ɗaya ke raba nasara da halaka, ya cancanci taswira da duk lokacin da za ta ci. Arangama da 'yan fashi biyu a fili fetal kuwa, baki ya isa ya gama da ita cikin minti goma.