Gwame da ƙafar baka: ma'aunin wa ake gwada wa yaran Daura?

Idan ɗanki mai shekara ɗaya yana tafiya ƙafafunsa a lanƙwashe kamar baka, kada ki yi gaggawar kai shi wajen mai ɗori. Yawancin jarirai haka ake haifarsu. Wajen shekara biyu ƙafar kan miƙe, daga nan gwiwoyi su karkato ciki su zama gwame, sannan su daidaita kusan shekara bakwai.

Wannan jadawali ya samo asali ne daga binciken Salenius da Vankka na 1975 a ƙasar Finlan, kuma har yau littattafan likitanci na kafa hujja da shi. To amma fa yaran Finlan aka auna. Da Saini da abokan aikinsa suka auna yara 215 a arewacin Indiya a 2010, sai suka ga gwame ya fi tsanani wajen shekara shida, kusan digiri 8. A binciken Oginni na 2004 kan yaran Nijeriya kuwa, tsakanin shekara uku zuwa uku da rabi ne.

Kada ki ɗauka bambancin jinsi ne kaɗai. 'Yan Finlan da hoton ƙashi suka auna, 'yan Indiya kuma da ma'aunin kusurwa a kan fata. Mudun ba ɗaya ba ne. Saboda haka kuskure ne a ɗauki lambobin wata ƙasa a yanke hukunci da su kan yaron Mai'aduwa ko Baure.

Wani gibin ya fi wannan haɗari. Jadawalin yana nuna yanayin lafiyayyen yaro ne, ba ya tantance ciwon laushin ƙashi. A 1999 binciken Thacher a Jos ya nuna cewa ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci ne ke haddasa ciwon ga yaran da suka duba, duk da wadatar rana. Yaron da tuwon gero da na masara ne cimarsa, babu nono, yana cikin wannan haɗari.

Don haka ki lura. Idan lanƙwasar a ƙafa ɗaya take, ko tana ƙaruwa bayan shekara biyu, ko wuyan hannu ya kumbura, ko yaron na kukan ciwo, ki kai shi asibiti a Daura a duba shi. In abin ya buƙaci ƙwararru, akwai asibitin ƙashi na Dala a Kano.