Ta Iya Rubutu, Amma Ta San Kuɗin Mota? Sharhi Kan Ƙirƙirarriyar Basira a Hannun 'Yan Kamasho

Idan ka taɓa shiga kasuwar Ɗanbatta ranar Lahadi da la'asar, lokacin da ciniki ya fara lafawa 'yan dako suka fara jidon buhuna, to ka ga mutumin da nake so mu yi magana a kansa. Ba shi da mota, ba shi da ko buhun gero ɗaya a cikin kayan da ake lodawa. Waya ce kawai a hannunsa, wani lokacin biyu, yana amsa wannan yana katse waccan. Shi ne ɗan kamasho. Aikinsa ya haɗa mai kaya da mai mota, ya tsayar da kuɗin da kowa zai yarda da shi, ya ga an yi lodi, sannan ya karɓi nasa.

Tun da ChatGPT ta fito a watan Nuwamban 2022, sannan Meta AI ta shigo cikin WhatsApp a Najeriya a 2024, ake ta yi mana tallar cewa manhajojin rubutu na ƙirƙirarriyar basira za su ɗauke wa dillalan sufuri rabin aikinsu: su rubuta wa mai kaya saƙo, su yanke farashi, su tsara yarjejeniya, har su lallashi wanda kayansa suka yi jinkiri. Maganar daga Amurka ta taso, kuma a can tana da tushe. Abin da nake suka shi ne yadda ake ɗauko ta ɗungurungum a sauke mana ita a nan, ba tare da an faɗa mana abin da take tsaye a kansa ba.

Bari mu fara da can ɗin. Kamfanin C.H. Robinson da ke jihar Minnesota yana cikin manyan dillalan sufurin kaya a duniya. A 2024 ya bayyana cewa yana amfani da irin wannan fasaha wajen karanta saƙonnin imel na masu neman mota da kuma mayar musu da farashi cikin ɗan lokaci. Amma ka lura da rabon aikin. Manhajar rubutun takan tsamo bayanai daga cikin saƙon, wato daga ina, zuwa ina, nauyi nawa, yaushe. Shi kuwa farashin daga wani tsarin lissafi na kamfanin yake fitowa, wanda aka gina a kan tarin lodin da suka yi shekara da shekaru. Ban da wannan, suna da allunan tallar lodi irin su DAT, wanda ya faro tun 1978 a wata tashar manyan motoci a birnin Portland, inda ake iya ganin yadda farashi ke tafiya a kowace hanya. Kuma doka ta tilasta wa kowane dillali ajiye jinginar dala 75,000 kafin ya samu lasisi, saboda idan ya cinye kuɗin direba a samu inda za a kama.

To, kai da ke Ɗanbatta, ina naka allon? Kuɗin tirela daga nan zuwa Mile 12 a Legas ko Bodija a Ibadan ba a rubuce yake a ko'ina ba. Yana cikin kan mutane, kuma yana motsi da kuɗin man gas na ranar, da yawan motocin da suka sauke kaya a Kano suna neman lodin komawa, da kaka ce ko bazara, da adadin shingayen da direba ya san zai tarar a hanya. Ɗan kamasho ya san wannan ne domin ya kira mutum biyar a Dawanau da safe.

Nan ne ya kamata ka fahimci abin da manhajar take yi a zahiri. An horar da ita da rubutu mai yawan gaske, har ta ƙware wajen hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wadda ta gabata. Shi ya sa jimlolinta suke fita sumul. Amma wannan santsin ba ya canzawa ko abin da ta faɗa gaskiya ne ko ba gaskiya ba. Ka tuna masu rubuta wasiƙa da suke zama a ƙofar gidan waya a da? Kai kana faɗa, shi yana rubutawa da kyakkyawan hannu. Idan ka zo wajen kuɗi ka yi shiru, zai ɗago kai ya ce maka, "Nawa ka ce, Alhaji?" Ita manhaja ba kullum take ɗago kai ba. Sau da yawa sai ta cike gurbin da adadin da ya yi kama da gaskiya, ta wuce abinta. Wasu daga cikinsu suna iya leƙa intanet kafin su amsa, haka ne. Sai dai abin da ba a taɓa rubutawa ba, bincike ba ya fito da shi. Abin da za ta samo maka wataƙila farashin bara ne daga wani labarin jarida.

Haka batun hanya. A watan Oktoban 2022 ambaliya ta shanye titin Abuja zuwa Lokoja a wajen Koton Karfe, manyan motoci suka yi kwanaki a layi, har Abuja ta shiga ƙarancin mai. Duk ɗan kamashon da ke da direba a kan hanyar ya sani tun ranar farko, domin an kira shi. Mataimakin rubutu kuwa, idan ka ce ya tsara maka saƙon da zai kwantar wa mai kaya hankali, zai iya rubuta cewa kaya za su iso cikin kwana uku, saboda haka irin waɗannan saƙonni suka saba cewa.

Za ka iya cewa, to ai saƙo ne kawai, meye a ciki? Akwai abu a ciki. A Fabrairun 2024 wata kotun ƙananan ƙararraki a lardin British Columbia na Kanada ta umarci kamfanin jiragen Air Canada ya biya wani fasinja, saboda manhajar hirar da ke shafinsa ta ba shi bayanin da ba daidai ba game da rangwamen tikitin masu zuwa jana'iza. Kamfanin ya yi ƙoƙarin cewa manhajar ce ke da alhakin maganarta, kotu ta ƙi yarda. A nan gida ma, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya buɗe ƙofar gabatar da bayanan da suka fito daga kwamfuta ko waya a gaban kotu. Wato abin da ka tura da lambarka naka ne. Cinikin baki yana da wurin gyara: an yi shi a gaban shaidu, idan aka samu saɓani a koma wajen shugabannin tasha a sasanta. Amma da zarar ka tura wa wani ɗan kasuwa a Legas doguwar takarda da Turanci, mai ɗauke da jimlar da ke cewa kai ne za ka biya duk asarar da ta faru a hanya, jimlar da ba ka nema ba kuma ba ka karanta da kyau ba, ka ɗora wa kanka nauyin tirela guda a kan kamashon da bai taka kara ya karya ba.

Sai kuma harshe, wanda ni a wajena shi ne ya fi ban tsoro, domin kuskurensa ba ya ihu. Hausar da waɗannan manhajoji suka koya kaɗan ce idan aka kwatanta da Turanci, kuma mafi yawanta Hausar labarai ce da littattafai. Hausar tasha daban take. Idan direba ya ce ya sha gas na dubu ɗari, man dizal yake nufi, ba iskar girki ba. Idan ya ce "zan yi kwana biyu a Ogbomosho", kai ka san ba lallai kwana biyu cur yake nufi ba. Mai fassara kalma da kalma zai mayar da ita alƙawarin awa 48. A bakin tsofaffin 'yan kasuwa jaka ɗaya naira 200 ce. Kuma tunda hanyar Ɗanbatta ta bi ta Kazaure da Daura ta nufi iyakar Nijar, ka san ana hulɗa da mutanen Damagaram, inda ake ƙirga sefa da dala: dala ɗaya sefa 5 ce, saboda haka "ɗari" a bakinsu sefa 500 ce, jikka kuma sefa 1,000. Ka ba manhaja saƙon murya irin wannan ta juya maka shi zuwa rubutu, in ba a yi sa'a ba ta rage kuɗin sau biyar, kuma jimlar ta fita tsaf ba ko tuntuɓe. Buhu ma haka. Tirela mai ɗaukar tan 30 buhu 600 ne idan na siminti ne mai kilo 50, amma kusan 300 ne idan na hatsi ne mai kilo 100. "Buhu" kawai aka ce, kai ne ka san wanne.

Akwai wani ɓangaren da masu tallar ba sa so su taɓo. A da, rubutu mai kyau yana ɗan nuna maka wanda kake hulɗa da shi. Takarda mai tambarin kamfani da Turanci ba kuskure tana nufin akwai ofis, akwai akawu, akwai inda za a je. Yanzu wannan shaidar ta mutu, domin kowa yana iya samar da irinta cikin minti ɗaya, har da ɗan damfara. A Amurka kansu suna kuka da masu karɓar lodi da sunan wani kamfani su miƙa wa wani direban, su karɓi kuɗi su ɓace. Mu da muka riga muka san alat na bogi, ka ƙara masa wasiƙa mai kyau da hoton takardun mota. Abin mamaki, wannan ya ƙara wa ɗan kamasho na gaske daraja ne, wanda zai ce maka, "Na san direban nan, na san maigidansa, na san gidansu a Makoɗa."

Ko kamfanonin da suka zo da kuɗi masu yawa sun ga haka. Kobo360, wanda ya fito da manhajar haɗa masu kaya da masu manyan motoci a Najeriya, ya tara dala miliyan 20 a 2019 a zagayen da Goldman Sachs ya jagoranta. Wahalar wannan sana'a ba ta taɓa zama ta tura saƙo ba. Direba yana son kuɗin mai a hannu kafin ya tayar da mota, babban mai kaya kuma yana so ya biya bayan makonni. Wani ne zai tsaya a tsakiya da aljihunsa ko da mutuncinsa.

Kada ka ɗauka ina cewa a jefar da ita. Wallahi tana da amfani, kuma a wurin da ake raina ta ne ma ta fi amfani. Yaron da ke riƙe wa mahaifinsa waya zai iya ba ta bayanan da ya riga ya tabbatar, wato sunan kaya, yawan buhu, lambar mota, inda za a sauke, kuɗin da aka biya da wanda ya rage, ta jera masa su a takardar kaya mai tsabta wadda ba za a yi gardama a kanta ba. Za ta iya mayar da dogon saƙon Turanci daga wani kamfanin abincin kaji ya zama gajeren bayani da za a gane. Za ta iya tausasa saƙon da ka rubuta cikin fushi kafin ka ɓata hulɗar shekara goma. Duk wannan aikin akawu ne, kuma ɗan kamasho ya daɗe yana buƙatar akawun da ba sai ya biya shi albashi ba. Sharaɗin dai shi ne duk wata lamba daga bakinka ta fito, kuɗi ne, rana ce ko nauyi, sannan ka karanta kafin ka tura, ko ka sa a karanta maka da Hausa jimla bayan jimla.

Wani abu kuma, ka yi hattara da abin da kake zuba mata. Lambar wayar mai kaya, lambar mota, darajar kayan da lokacin tashi, duk a saƙo ɗaya, suna tafiya ne zuwa kwamfutocin wani kamfani da ba ka san inda yake ajiye su ba. Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023, amma ko ba doka, wanda ya san halin hanyoyinmu ba ya yawo da jadawalin motarsa. Ka sa "mota ta ɗaya" da "Alhaji wane" a wurin sunaye, in ta gama tsarawa ka cike da hannunka.

In kana son ka gani da idonka, ga gwaji mai sauƙi. Buɗe duk wadda ke wayarka, ka tambaye ta kuɗin ɗaukar buhu 300 na wake daga Ɗanbatta zuwa Ibadan. Rufe hirar, ka buɗe sabuwa, ka sake tambaya da wasu kalmomin. Yi haka sau uku, ka rubuta amsoshin a takarda, ka duba ko ta taɓa tambayarka nauyin buhun. Ranar Lahadi ka je bakin tasha ka nuna wa wanda ya yi lodin Ibadan a makon nan.