Ladubban Karɓar Gyara a Buɗaɗɗiyar Manhaja

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda aka bar rubutunta a fili, kowa ya karanta, ya gyara, ya raba wa wasu. Wayar Android da ke hannun matashi a Garagumsa ko a Damagaram, a kan Linux take tafiya, manhajar da Linus Torvalds ya soma a 1991, dubban mutane kuma suka sa hannu a cikinta. Sai dai kowa na iya kawo gyara, ba kowa ke iya shigar da shi ba. Wannan iko yana hannun ƴan kaɗan, su ne masu riƙo.

Akan kwatanta aikin da gayya, kwatancen kuwa ya yi, sai a wuri ɗaya: ƴan gayya suna gama noman gonar gero su watse, amma gyaran da aka karɓa yau, mai riƙo ne zai yi ta fama da shi shekara da shekaru bayan mai kawowa ya ɓace. Daga nan ladubban suka samo asali. Ana so mai gyara ya kawo abu ɗaya a lokaci ɗaya, ya bayyana matsalar da yake warwarewa, ya gwada kafin ya turo. A Linux, tun 2004, dole ya sa sunansa a ƙarshe, shaidar cewa yana da hakkin bayar da abin. Shi kuma mai riƙo ana so ya soki aikin, kada ya taɓa mutuncin mai shi, in ya ƙi karɓa ya faɗi dalili.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi aka fi karyawa. Torvalds ya yi suna wajen zafin baki, har wasu ƙwararru suka bar aikin saboda zagi. A watan Satumba na 2018 ya nemi afuwa, ya ja gefe na kusan wata guda, aka kuma kafa ƙa'idar ɗa'a a rubuce. Masu adawa da ita sun ce za ta sa a riƙa karɓar aiki maras kyau don gudun ɓacin rai. Hujjar tana da rauni, domin ana iya cewa a'a ba tare da cin mutunci ba, kuma sabon shiga da aka kunyata a gaban jama'a ba ya komowa. A shekarar dai Guido van Rossum ya sauka daga jagorancin harshen rubuta manhaja na Python bayan doguwar rigima kan wani sabon tsari da ya amince da shi, aka maye gurbinsa da majalisar mutum biyar a 2019. Inda sulhu ya gagara kuwa, akan raba gari, wani ɓangare ya kwashi rubutun ya ci gaba da nasa, kamar yadda LibreOffice ta ɓalle daga OpenOffice a 2010.

Rashin ladabin masu kawo gyara shi ne ba a cika maganarsa ba, alhali ya fi haɗari. Lasse Collin shi kaɗai ya daɗe yana riƙe da xz, ƙaramar manhajar matse fayil da kwamfutoci masu tarin yawa suka dogara da ita, ba kuma biyansa ake yi ba. A 2022 wasu baƙin sunaye suka dame shi da gori cewa yana jinkiri, ya kamata ya ba wani dama. Ya amince da wani mai kiran kansa Jia Tan, wanda ya daɗe yana kawo gyare-gyare masu kyau. A watan Maris na 2024 Andres Freund, injiniya a Microsoft, ya lura da wani ɗan jinkiri a na'urarsa, ya bi diddigi, ya tarar an dasa ɓoyayyiyar ƙofar kutse a cikin xz ta hannun Jia Tan. An cire ta kafin ta shiga manyan fitowar Debian da Red Hat, nau'o'in Linux da jama'a ke amfani da su.