Ina Tsoron Ɗan Dambe Ya Shiga a Waƙoƙin Ɗan Anace?

Duk wanda ya taɓa zama kusa da 'yan dambe kafin a shiga fage ya san abin da ke samunsu. Wani bakinsa ya bushe, wani gumi ya karyo masa tun ba a gama naɗa masa zare a hannu ba, wani kuma ya yi ta shafa layarsa. To, amma in ka saurari waƙoƙin marigayi Muhammadu Bawa Ɗan Anace, musamman waɗanda ya yi wa Shago, ba za ka ji gwarzonsa yana fargaba ba. Tsoro kullum na abokin karawa ne. Wannan ya sa wasu manazarta suke cewa turken waƙoƙin nan zuga ce kawai da kambamawa. Ni a ganina sun tsaya a bakin kogi ne.

Mu tambayi kanmu: wa ake zugawa? Ai ba a zuga wanda zuciyarsa take kwance. Yawan ambaton mutuwa da kabari da lahira da Ɗan Anace yake yi ya nuna ya san abin da ke ran mai shiga fage, inda ake kiran kayar da mutum ƙasa kisa. Hikimarsa ita ce ya ɗauki abin da ɗan dambe yake tsoro ya mayar da shi sunansa. Maimakon Shago ya ji tsoron ajali, sai a ce masa shi ne ajalin. Da kalangu ya buga takensa, rawar jikin nan ta fargaba sai ta zama tsima, ya miƙe yana kirari. Bugun zuciyar bai sake ba, fassararsa ce ta sake.

Wannan ba a ƙasar Hausa kaɗai ba ne. Mike Tyson na Amurka, wanda ya zama zakaran duniya a 1986 yana ɗan shekara 20, ya sha faɗa cewa da tsoro yake fitowa daga ɗakin shiri. Mai horar da shi, Cus D'Amato, ya koya masa cewa jarumi da matsoraci abu guda suke ji, abin da kowa ya yi da shi ne ya raba su. Aikin da D'Amato ya yi da nasiha, shi Ɗan Anace ya yi da kiɗa.

Sai dai akwai inda waƙoƙin suka gaza. Wanda tsoro ya rinjaya ba ya samun komai sai zambo da habaici, har yaro mai tasowa ya zaci fargaba abin kunya ce, ya ɓoye ta. Saboda haka ina kira ga 'yan'uwa ɗalibai masu nazarin waƙoƙin maza, su riƙa zama da 'yan damben kansu, su ji abin da kiɗan nan yake yi musu.